Dillalai uku, farashi uku: nawa zan sa wa tsohon gidana na Baltimore, kuma wa zan ba?

Tambayar ta wani dattijo ce, ɗan asalin Kano, wanda ya shafe kusan shekara 30 a birnin Baltimore na jihar Maryland a Amurka. A 1998 ya sayi gida mai hawa uku a unguwar Union Square, irin gidajen jan bulon nan da ake ginawa a jere, kowanne bangonsa manne da na maƙwabci. Ginin na wajen 1880 da 'yan kai ne, kuma yana biyan hayar ƙasa dala 90 a shekara, domin ƙasar da gidan ke kai ta wani ce. Yanzu ya yi ritaya, 'ya'ya sun kama gabansu, yana so ya sayar ya koma gida. Ya kira dillalai uku. Na farko ɗan'uwa ne da suke sallar Juma'a tare, ya ce dala 310,000. Ta biyu wata mata ce da ta daɗe tana sayar da gidaje a unguwar, ta ce 335,000. Na uku ya zo da takardu masu sheƙi ya ce 395,000, hujjarsa wani gida a layin da aka sayar 405,000 bara. Alhaji yana son sanin farashin gaskiya, da kuma wanda ya kamata ya damƙa wa gidan.

Alhaji, barka da hutawa, Allah ya sa a koma gida lafiya. Na yi shekaru ina dillancin gidaje a Maryland, kuma wannan tambayar taka kusan kowane mai tsohon gida sai ya yi ta. Bari in fara da hukuncina tun kafin hujja: kada yawan kuɗin da dillali ya ambata ya zama dalilin ba shi gida. Ba shi zai saya ba. Da abin da ka bayyana, maganar matar nan ta fi kama da gaskiya, kuma na ukun ne na fi ji maka tsoro.

Abin da ke ruɗa mu, mu da muka tashi a gida, shi ne tsarin cinikin da muka saba. A Kano in za ka sayar da gida a Gwammaja ko Hotoro, sai ka ɗaga kuɗin sama, dillali ya kawo mai saye, ya taya, ka ce albarka, ya ƙara, ka rage, har a haɗu a tsakiya a sallama. Ɗaga kuɗi a can dabara ce, ba ta cutar da kowa, domin babu wanda ke riƙe da lissafin ranar da ka fara neman mai saye. A nan kuwa akwai mai riƙe da lissafin. Ranar da aka sa gidanka a rumbun bayanan dillalai, wanda a yankinmu ake kira Bright MLS, agogo ya fara bugawa. Duk wanda ya buɗe wayarsa zai ga kwana nawa gidan ya yi a kasuwa, nawa aka fara sa masa, sau nawa aka rage. Gidan da ya yi kwana 10 sabon kaya ne. Wanda ya yi kwana 120 da ragi uku ya yi kwantai, kuma mai saye ba ya cewa "an yi masa tsada da farko", cewa yake "me ke damun gidan nan?" Daga nan tayin da zai zo maka tayin wanda ya san ka gaji ne.

Na san haka ne domin na taɓa yi. A farkon aikina wani mai gida ya kafe a kan farashin da na san ya yi yawa, ni kuma ina son aikin, na amsa masa. Makonni ukun farko, lokacin da duk masu neman gida a unguwar ke samun saƙo a wayarsu cewa sabon gida ya fito, muka ɓarar da su ba tayi ko ɗaya. Bayan wata biyar muka sallama ƙasa da abin da na faɗa masa ranar farko, ga harajin gida da inshora da ya yi ta biya a tsakani. Laifina ne, tunda ni na san kasuwar. Wannan hali yana da yawa a cikin sana'ar tamu: dillali ya yi maka romon baka da babban farashi don ka sa hannu, bayan wata ɗaya ya dawo yana cewa kasuwa ta yi sanyi, a rage. Shigo-shigo ba zurfi ke nan.

Ko da Allah ya kawo wanda ya ƙyasa gidan ya yarda da 395,000, ciniki bai faɗa ba tukuna. Yawancin masu saye da bashin banki suke saye, banki kuma sai ya turo nasa mai kimanta gida, wanda ba ruwansa da kai ba ruwansa da dillalinka. In ya ce gidan 335,000 ne, a kan wannan banki zai ba da bashi. Ragowar 60,000 ko mai saye ya ciro daga aljihunsa, ko kai ka rage, ko ciniki ya watse gidan ya koma kasuwa da tabo. Don haka tun farko ka yi lissafi irin na mai kimantawar nan.

Shi kuwa ga yadda yake yi. Yana neman gidaje aƙalla uku da aka riga aka sayar, aka biya, aka miƙa makulli. Gidan da ke kasuwa yanzu farashinsa buri ne kawai na mai shi. Ya fi son na cikin wata shida da suka wuce. Kada kowa ya kawo maka cinikin 2021, lokacin da kuɗin ruwan bashin gida ke wajen kashi 3 cikin 100. A ƙarshen 2023 ya kusa kashi 8, kuma wanda albashinsa ke iya ɗaukar gidan 400,000 a 2021 ya daina iyawa. Sai kusanci, kuma a nan ne Baltimore ta bambanta da garuruwan da ke kewaye da ita. A can kana iya kwatanta gidaje biyu da ke da mil ɗaya a tsakani. A Union Square layi biyu ma ya yi nisa. Gidan da ƙofarsa ke kallon dandalin unguwar a titin Hollins ko Lombard, inda gidan marubucin nan H. L. Mencken yake a lamba 1524 Hollins, daban yake da gida irinsa sak da ke 'yan layuka yamma ko kudu, inda ake fara ganin tagogin da aka toshe da katako. Birnin na da gidaje fiye da 10,000 da ba kowa a ciki, kuma ga mai gidan jere wannan ba maganar kyan gani ba ce kawai. Bangonku ɗaya da maƙwabci. In rufinsa ya rufta, ruwan cikin bangonka zai bi. Mai saye da ya san gari, kafin ya shiga gidanka sai ya dubi na dama da na hagu, ya zagaya lungun baya.

Sai faɗin gida. Baƙo yana tambayar ɗaki nawa, ɗan gari yana tambayar ƙafa nawa. Gida mai faɗin ƙafa 12 da mai ƙafa 16 ko 18 ba kasuwarsu ɗaya ba, ko da adadin ɗakunansu ɗaya ne, domin a siririn gida matakala ta cinye rabin falo. Gidan ƙarshen layi yana da tagogi a gefe, ya fi haske, ya fi kuɗi. Wurin ajiye mota a bayan gida shi ma kuɗi ne tsagwaronsa. Ka ce wa kowane dillali ya nuna maka gidajen da ya yi kwatance da su, ya faɗi faɗin kowanne, da abin da ya ƙara ko ya rage saboda bambancinsu da naka. Wanda ya kawo maka matsakaicin farashin unguwa ya raba da murabba'in ƙafa, bai yi aiki ba.

Yanzu gidan nan na 405,000. Tambaya biyu za ka yi a kansa. Ta farko: an yi masa gyaran ƙasa-da-sama ne kafin a sayar? A irin unguwarku yawanci gidan da ya kai wannan kuɗi ɗan kasuwa ne ya saya yana kango, ya fasa cikinsa, ya sa sabuwar wayar lantarki, sabon famfo, sabon rufi, na'urar sanyaya gida, banɗaki uku. Naka gidan iyali ne da aka zauna cikinsa shekara ashirin da wani abu, an kula da shi, amma kicin ɗin na zamaninsa ne. Ta biyu, wadda mutane da yawa ba su sani ba: yana da rangwamen harajin CHAP? CHAP ita ce hukumar birnin da ke kula da gine-ginen tarihi, an kafa ta a 1964, kuma Union Square na cikin unguwanninta. Wanda ya gyara tsohon gida bisa ƙa'idarta, da amincewarta tun kafin ya fara aiki, ana yafe masa harajin birni na shekara 10 a kan ƙarin darajar da gyaran ya jawo, kuma rangwamen yana bin gidan zuwa ga sabon mai shi. Ka san harajin gida a birnin Baltimore dala 2.248 ne a kan kowace dala 100 ta darajar gida, ninki biyu na gundumar da ke kewaye da shi, inda yake 1.10. Mu ɗauka gyara ya ɗaga darajar gida daga 100,000 zuwa 300,000. Harajin ƙarin 200,000 ɗin ya kusa dala 4,500 a shekara, wato wajen 375 a wata. Mai saye da ke lissafin abin da zai biya duk wata zai iya ƙara dubban daloli masu yawa a kan farashi saboda wannan rangwame, ya kuma fita da riba. In gidan maƙwabcin naka yana da shi kai ba ka da shi, kwatanta su kamar kwatanta sa da akuya ne don suna turke ɗaya. Abin yana rubuce a takardar harajin gidan, kowa na iya dubawa a shafin birnin. In dillalin na uku bai duba ba, ya yi sakaci. In ya duba ya yi shiru, abin ya fi muni.

Kada kuma ka ɗauka tsufa kaɗai kuɗi ne. Abin da mai son tsohon gida ke biya shi ne abin da ba a iya ƙerawa yau da sauƙi: matakalar katako ta asali, murhun mabul na falo, adon filasta a silin, ƙofofin da ke shigewa cikin bango, daɓen katako na da, da matakalar farin mabul ɗin nan ta ƙofar gida da aka san Baltimore da ita. In kana da su, a goge, a ɗauke su hoto mai kyau, kada ka bari wani ya ce ka tumɓuke don gidan ya zama na zamani. Abin da tsufa ke ragewa kuwa yana ɓoye ne: tsohuwar wayar lantarki mai bin ƙananan kwalaben tangaran a cikin bango, wadda kamfanonin inshora da yawa ba sa son rufewa, shimfiɗaɗɗen rufi da ya kwana biyu ba a shafe shi ba, bututun ƙazanta na yumɓu da saiwar bishiya ta shiga, tankin man ɗumama gida da aka binne aka manta, bangon baya da ya fara turo ciki. In fuskar gidanka an lulluɓe ta da Formstone, dutsen bogin nan na siminti da ya cika gari daga 1937 zuwa gaba, kada ka cire shi don sayarwa. Ba ka san halin da bulon ƙarƙashinsa yake ciki ba, kuma duk aikin da ya shafi wajen gida a unguwarku sai da izinin CHAP. Wannan ya haɗa da tagogi. In ka taɓa canza na gaba da na roba ba tare da izini ba, gaya wa dillalinka tun yanzu.

Shawarata a nan: ka kashe 'yan ɗaruruwan daloli ka kira mai duba lafiyar gida kafin ka sa shi a kasuwa. Abin da ka gano da kanka za ka gyara shi a kuɗin gyara. Abin da mai saye ya gano mako biyu bayan an sa hannu, ninki zai nema. Dokar Maryland ta ba ka zaɓi, ko ka cika takardar bayyana halin gida ko ka sayar da shi a yadda yake, amma ko wanne ka zaɓa, ɓoyayyen aibin da ka sani wanda zai iya cutar da mutum dole ka faɗa. Mu dama addini ya riga doka hana mu ɓoye aibin kaya. Gidanka kuma tunda an gina shi kafin 1978, dokar tarayya ta wajabta takardar gargaɗin fentin dalma, da ba mai saye damar kwana 10 ya bincika. Wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi masa bayanin dalma ba. Fentin da ke ɓamɓarewa a taga ko baranda, a gyara shi ta hannun wanda ke da shaidar wannan aiki, domin mai bashin FHA, wato bashin gida da gwamnatin tarayya ke tsaya wa, ba za a ba shi kuɗi ba sai an gyara, kuma masu irin wannan bashi suna da yawa a farashin gidanka.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ko ka yi masa tayil da kujeru ana taron suna a ciki, ba ya shiga lissafin girman gida a wajen mai kimantawa. Tun Afrilun 2022 Fannie Mae, babbar cibiyar da ke sayen basussukan gida daga bankuna, ta tilasta ma'auni ɗaya, kuma duk hawan da wani ɓangarensa ke ƙasa da doron ƙasa daban ake rubuta shi, da ƙaramar daraja. Dillalin da ya haɗa shi cikin girman gida don adadin ya yi kauri, ranar kimantawa za a kama shi.

Hayar ƙasa kuwa abu ne mai sauƙi da ke firgita baƙi. Tsohon tsari ne na Baltimore: gini naka, ƙasa ta wani, yarjejeniyar shekara 99 mai sabunta kanta har abada. Mai saye da ya taso daga Washington ko wata jiha, da ya ji cewa ƙasar ba tasa ba ce sai ya ja baya, wasu bankunan ma ba sa so. Doka ta ba ka ikon fanshe ta. In an ƙulla yarjejeniyar tsakanin Afrilun 1888 da tsakiyar 1982, ana lissafi a kan kashi 6, wato dala 90 ɗinka ta zama 1,500. In tsakanin 1884 da 1888 ce, kashi 4 ne, 2,250. Da yake gidanka na wannan zamanin ne, shekarar yarjejeniyar za a duba, ba shekarar gini ba, kuma in ta girmi 1884 sai lauyan takardun gida ya duba maka matsayinta. Hukumar SDAT, mai kimanta darajar gidaje don haraji a jiha, na da rajistar masu hayar ƙasa a intanet. Ka fara wannan tun yanzu domin yana ɗaukar lokaci. Dubu ɗaya da rabi da za ta sa a rubuta cewa gida da ƙasa duka na mai saye ne, ban san kuɗin da ya fi wannan amfani a duk cinikin ba.

Ƙiyasin Zillow, shafin intanet na cinikin gidaje, da 'ya'yanka za su turo maka, ka duba ka wuce. Kwamfuta ba ta shiga gida ba, ba ta san maƙwabcinka kango ne ko ba kango ba. Kamfanin da kansa ya rufe sashensa na sayen gidaje a Nuwamban 2021, ya sallami kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa, bayan ya kasa hasashen farashi daidai. Darajar da ke takardar harajinka ma ba farashin kasuwa ba ce, duk shekara uku ake sabunta ta. Masu liƙa kwali a turakun lantarki suna cewa suna sayen gida da tsabar kuɗi cikin mako guda, su kuma ribarsu tana cikin abin da suka rage maka.

To nawa za a rubuta? In gidajen kwatance na gaskiya sun faɗa tsakanin 325,000 da 345,000, ka tsaya cikin wannan zango. Ka lura masu saye suna tace bincikensu ne da dunƙulallun adadi, kamar 300,000 ko 350,000. Gidan da aka sa wa 355,000 ya ɓace wa duk wanda ya tsayar da bincikensa a 350,000, ya kuma shiga sahun gidajen da suka fi shi. Tun ranar sa hannu ku yi yarjejeniya da dillali: in an yi mako uku mutane na zuwa kallo ba tayi, ko ba ma sa zuwa, za a rage sau ɗaya, ragi mai ji, maimakon gutsure dubu biyu-biyu duk mako. Lokaci ma yana da tasiri. Daga Maris zuwa Yuni kasuwa ta fi ci, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu ta fi mutuwa.

Mu dawo kan mutanen nan uku. Ka sake kiransu ɗaya bayan ɗaya, ka ce kowa ya kawo jerin gidajen da shi da kansa ya sayar a cikin shekara biyu, daga rumbun MLS, ba daga bakinsa ba. Abu uku za ka duba: nawa ne tsofaffin gidajen jere na cikin birni, nawa aka fara sa wa kowanne, nawa aka sallama. Farashin farko nake nufi, kafin ragi, domin akwai masu alfaharin sun sayar a kashi 99 na farashi alhali sau uku suka rage kafin nan. Sannan ka zagaya gidan da shi ka yi shiru ka ga inda idonsa ke zuwa. Wanda ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya dubi akwatin wuta da gindin bango, ya tambayi shekarun rufi, ya tambayi hayar ƙasa da takardun izinin gyara tun kafin ka ambata, shi ya san aikin. Wanda ya tsaya a falo yana yabon labule, talla ya iya. Ka tambayi wanda zai riƙa ɗaga wayarka, shi ne ko yaronsa. Lasisin kowa kuma yana shafin hukumar dillalan gidaje ta Maryland, minti biyu ya isa ka duba.

Maganar ɗan'uwanmu na masallaci na san ita ce ta fi yi maka nauyi, ko da ba ka faɗa ba. Farashinsa na 310,000 bai nuna rashin gaskiya ba, wataƙila ma taka-tsantsan ne. Amma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu dillalai kasuwarsu a Randallstown da Owings Mills da gundumar Prince George's take, gidajen da yawancinsu ba su kai naka tsufa ba, inda ba CHAP. In shi ma haka ne, bambancin 25,000 da ke tsakaninsa da matar nan kuɗin rashin sanin unguwa ne, kuma daga aljihunka zai fita. Sannan in abu ya lalace, wanda za ka haɗu da shi a sahu ranar Juma'a yana da wuyar sallama. Akwai mafita mai mutunci da sana'ar ta yarda da ita: shi ya miƙa ka ga matar a rubuce, kamfaninta ya ba kamfaninsa wani kaso daga la'adarta in an sayar. Kai ba ka ƙara ko sisi ba, zumunci bai taɓu ba. Sai dai a gaya mata tun kafin a sa hannu, ba bayan ba.

La'ada ba doka ce ta yanka ta ba, ciniki ake yi. Shekara da shekaru al'adar ita ce mai gida ya biya kashi 5 ko 6 a raba tsakanin dillalinsa da na mai saye. Bayan sulhun dala miliyan 418 da ƙungiyar dillalai ta ƙasa, NAR, ta yi a 2024, daga 17 ga Agusta na shekarar an daina rubuta la'adar dillalin mai saye a MLS, kuma mai saye sai ya sa hannu da nasa dillalin a kan abin da zai biya shi kafin a fara nuna masa gidaje. Ba dole ba ne ka biya dillalin mai saye. Amma a farashin gidanka yawancin masu zuwa masu sayen gidan farko ne, da kyar suka haɗa kafin alƙalami, kuma za su nemi ka taimaka. Ka auna kowane tayi da abin da zai rage a hannunka. A takardar yarjejeniya kuma ka dubi wa'adi: wata uku zuwa huɗu ya isa, kada ka yarda da shekara. Ka dubi sharaɗin fita in ba ka gamsu ba, da ƙarin kuɗin ofis da wasu kamfanoni ke maƙalawa a ƙasan takarda, da tsawon lokacin da za su ci gaba da bin ka la'ada bayan wa'adi ya ƙare. In mai saye ya fito daga kamfanin dillalinka, dokar Maryland ba ta yarda mutum ɗaya ya wakilci ku biyun ba. Sai kun amince a rubuce, a ware wa kowa nasa wakilin.

Ka ce a rubuta maka lissafin abin da zai shigo hannunka. A birnin Baltimore harajin canja mallaka da na rajista sun haɗu sun kai kashi 3: rabin kashi na jiha, 1.5 na birni, 1 na rajista. A kan 335,000 dala 10,050 ke nan, bisa al'ada a raba biyu. In mai saye bai taɓa mallakar gida a Maryland ba, kason jiha yana raguwa zuwa 0.25 kuma kai za ka biya shi, sauran ma doka a kanka ta ɗora sai in an rubuta akasin haka a yarjejeniya. Birnin kuma sai ya fitar da takardar shaidar cewa ba ya bin gidan bashi, don haka tsohon kuɗin ruwan famfo ko tara duk za su fito a ranar.

Akwai wani abu da ba na jin daɗin faɗa, amma mu baƙar fata ne. A 2022 wasu malaman jami'ar Johns Hopkins, mata da miji, sun kai ƙara bayan an kimanta gidansu na unguwar Homeland a dala 472,000. Da suka kwashe hotunan iyali suka sa wani abokin aikinsu Bature ya tsaya a madadinsu, wani mai kimantawar ya ce 750,000. Ranar kimantawa ka bar dillalinka ya tarbi mutumin da takardar gidajen kwatance da jerin gyare-gyaren da ka yi da rasiɗansu. In adadi ya fito ƙasa ba hujja, mai saye na da damar neman bankinsa ya sake dubawa.

Abu na ƙarshe shi ne tsarin tafiyar taka. Ka sayar kafin ka tashi. Ribar gidan da ka zauna cikinsa shekara 2 daga cikin 5 na ƙarshe, har dala 250,000 ga mutum ɗaya ko 500,000 ga ma'auratan da ke biyan haraji tare, ba a karɓar mata harajin tarayya. Wanda ya saya a 1998 ribarsa ba kaɗan ba ce. In ka koma Kano ka bar gidan a haya ya wuce shekara uku, wannan damar ta tafi. In kuma katin zama ne da kai ba fasfon Amurka ba, kuma ka mayar musu da shi, sai ka koma baƙo a idon hukumar haraji, kuma dokar FIRPTA, wadda ta shafi baƙon da ya sayar da gida a Amurka, na iya sa a riƙe har kashi 15 na dukan farashin, ba na riba ba, sai ka bi sawunsa daga baya. Maryland ma tana riƙe nata daga wanda ya bar jihar. Ka zauna da akanta kafin ka yanki tikiti.

In dole ta sa ka tafi kafin a rufe ciniki, takardar wakilci sai kamfanin da ke rufe cinikin ya amince da ita tun kana nan. In ka bari sai ka isa, sai ka nemi rana a ofishin jakadancin Amurka a Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas don su shaida sa hannunka. Lambar asusun da za a tura maka kuɗin kuwa, ka kai musu ita hannu da hannu, ka gaya musu ko saƙon imel ya zo da sunanka yana cewa an canza asusu, kada su motsa sai sun kira ka a lambar da ka rubuta musu a gabansu.